Waiwaye: Yadda Irin Gwanda Ya Ƙuntata, da Tasirin Hakan ga Yabanya

Asalin gwanda kudancin Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, inda har yau ake samun ta daji mai ƙananan 'ya'ya. A ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai ta Filifin, daga can ta bazu zuwa Indiya da sauran ƙasashe masu zafi. Matafiyi kuwa ɗan irin da ya samu yake ƙunshewa ya tafi da shi, don haka tun daga nan aka baro yawancin nau'o'inta a gida.

Babban abin da ya ƙara ƙuntata ta shi ne jinsi. Gwanda kashi uku ce: namiji, mace, da mata-maza. A daji namiji da mace aka fi gani, dole ɗaya ya barbari ɗaya. Wani bincike na 2015 ya nuna mata-maza ta ɓullo ne daga namiji kimanin shekara 4,000 da suka wuce, manoman wancan zamani suka riƙe ta. Da gaskiyarsu: ita ke barbarar kanta, ba a ɓata fili wajen ajiye namijin da ba ya haihuwa. A 1938 masu bincike biyu, Hofmeyr a Afirka ta Kudu da Storey a Hawayi, kowa a nasa gefen, suka gano yadda ake gadon jinsin. In mata-maza ta barbari kanta, kashi biyu cikin uku na abin da ya tsiro mata-maza ne, kashi ɗaya mace. Shi ya sa manomi ke dasa uku ko huɗu a rami ɗaya, ya jira fure ya fito, sannan ya sare waɗanda ba ya so.

Sai dai shukar da ke auren kanta shekara da shekaru, zuriyarta kan zama kusan abu ɗaya. A 1911 aka kawo wata ƙaramar gwanda Hawayi daga Barbados, wadda aka raɗa wa suna Solo. Daga gare ta aka fitar da Kapoho da Sunrise, masu zaƙi da kyan siffa, amma 'yan ɗaki ɗaya ne. A Kyuba, Adolfo Rodríguez ya fitar da Maradol mai manyan 'ya'ya, wadda ta mamaye gonakin Meziko.

Shi kansa yawan yabanya ba ƙwayar gado ɗaya (ƙwayar halittar da shuka ke gadon hali ta cikinta) ke riƙe da shi ba. Ana duba adadin 'ya'ya, da nauyin kowane ɗa, da kaurin tsoka, da tsawon da bishiya ke kaiwa kafin ta fara haihuwa. Biyun farko kuwa ba sa shiri: in 'ya'ya sun yi yawa sai su ƙanƙance, in sun yi girma sai su ragu. Ga kuma sha'anin yanayi, wanda mata-maza ce ta fi shan wahalarsa. In an yi sanyi lokacin fure, ɗan kan fito a murguɗe da tsage-tsage, ba mai saye. In zafi ya tsananta, furen kan koma kamar na namiji ya kaɗe, sai ka ga gangar jikin bishiyar da giɓi tsakanin 'ya'ya. A ganina, wannan giɓin ya fi kowane lissafi nuna ingancin iri.

Cuta ce ta tona asirin ƙuncin. Bairas mai sa zobe-zobe a jikin gwanda, wanda ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, ya shiga yankin Puna na Hawayi a 1992, cikin 'yan shekaru noman ya ragu da kusan rabi. An duba cikin gwandar gida ba a samu mai cikakkiyar kariya ba. Masanin kimiyya Dennis Gonsalves da abokan aikinsa suka dasa wa gwanda wani ɓangare na ƙwayar gadon bairas ɗin, aka saki sabbin iri masu kariya daga cutar, SunUp da Rainbow, a 1998. SunUp ɗin ce aka zana taswirar ƙwayoyin halittarta a 2008.

Wasu ƙasashen ba su karɓi irin da aka sauya wa halitta ba. Taiwan ta fitar da Tainung da Red Lady ta hanyar haɗa iyaye biyu mabambanta, masu yabanya da ɗan jure cutar, sai dai dole manomi ya sayi sabon iri duk shuka. A Ostareliya da Filifin kuma an koma ga dangin gwanda na daji da ake kira Vasconcellea, masu kariyar da ake nema. Aurensu da gwandar gida ba ya ɗorewa da kansa: sai an ciro ɗan tayin ƙwayar an rene shi a ɗakin gwaji, kuma yawancin abin da ya rayu ba ya haihuwa.