Ma'anar "runaway process": manhajar da ke tutsu a bayan fage

Ka kunna kwamfuta, ko burauza ba ka buɗe ba, amma fanka sai huci take yi, ƙasan laftof ya ɗau zafi, caji kuma na zuba kamar an huda batirin. Idan ka kai kuka wurin masana, da wuya ba ka ji sun ce wani "runaway process" ne ke cinye maka CPU ba, wato firosesa, ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta. To me suke nufi?

Duk manhajar da aka tayar tana gudana, tsarin kwamfuta yana ɗaukar ta a matsayin aiki guda mai lambarsa, wadda ake kira PID. Wannan aikin shi ne "process". Ita kuwa kalmar "runaway" ana faɗin ta ne ga abin da ya ƙwace wa mai shi, kamar dokin da ya yi tutsu ya bar mahayi a ƙasa. A haɗe, ana nufin aikin da ya kama firosesa ya ƙi saki, yana ta gudu ba tare da ya isa ko'ina ba. Galibi kewaye yake yi a wuri ɗaya: ya gwada abu, ya kasa, ya sake gwadawa nan take, haka har illa ma sha Allahu.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, sau da yawa ba su suka buɗe mai laifin ba. Fuskar da kake gani a allo in kwamfutarka na aiki da tsarin Linux, GNOME ce ko KDE Plasma, tana tafe da tarin ma'aikata marasa taga. Wani na lura da fayiloli, wani na leƙa ko sabuntawa ta fito, wani na daidaita kalanda da imel. Irin waɗannan ake kira "daemon", sunan da ya samo asali a jami'ar MIT ta Amurka tun 1963, shi ya sa da yawansu ke ƙarewa da harafin d, kamar packagekitd da gvfsd.

Wanda ya fi shan zargi a cikinsu shi ne mai tsara fihirisar bincike. A KDE sunansa Baloo, za ka gan shi a matsayin baloo_file ko baloo_file_extractor. A GNOME an daɗe ana kiran sa tracker-miner-fs, sai a GNOME 47, a 2024, aka sauya masa suna zuwa LocalSearch. Ba Linux kaɗai ke da irinsa ba: a Windows akwai SearchIndexer.exe, a macOS kuma mds da mds_stores na Spotlight. Aikinsu ɗaya ne, su bi fayilolinka su karanta abin da ke ciki domin in ka nemi kalma ta fito maka nan da nan.

A nan ne nake ganin mutane suka fi yin gaggawar yanke hukunci. Ba duk mai cin CPU ne ya yi tutsu ba. Idan jiya ka girka tsarin, ko ka kwafo dubban hotuna da takardu, dole mai fihirisa ya yi gumi, kuma zai gama ya yi shiru. Wanda ya yi tutsu kuwa ba ya gamawa. Hanyar gane bambancin ita ce ka duba ko aikin na ci gaba. A KDE, umarnin balooctl status, ko balooctl6 status a Plasma 6, yana nuna adadin fayilolin da aka gama da waɗanda ke jira, balooctl monitor kuma na nuna wanda ake kai a yanzu. A GNOME, tracker3 status ko localsearch status. Ka duba yanzu, ka dawo bayan rabin awa. In adadin masu jira na raguwa, ka ƙyale shi. In yana nan inda ka bar shi, kuma fayil ɗaya ake ta tauna, ka kama ɓarawonka: sau da yawa PDF ne da ya lalace, ko wani ƙaton kundi, ko fayil ɗin da wata manhaja ke sauyawa kowane daƙiƙa, shi kuma mai fihirisa yana sake karanta shi duk sanda ya sauya.

Kafin wannan duka, sai ka san sunan mai laifin. Buɗe tasha (terminal), wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta top, ko htop in kana da shi, mai cin CPU mafi yawa zai hau sama. Amma a karanta lambobin da hankali. A top, 100% na nufin kai (core) ɗaya ne daga cikin kawunan firosesa ya cika, don haka a kwamfuta mai kai takwas jimilla na iya kaiwa 800%. Task Manager na Windows kuwa rabawa yake yi da adadin kawunan, sai irin wannan aikin ya bayyana a 12.5% kacal, ka ɗauka lafiya lau. Aikin da ya tsaya cak a kan 100% na tsawon awanni, ba hawa ba sauka, wannan ita ce alamar kewaye. Ka kuma dubi layin TIME+, wanda ke tara lokacin firosesa da aikin ya ci tun tashinsa.

Idan sunan da ke sama gnome-shell ne ko plasmashell, wato manhajojin da ke nuna fuskar GNOME da ta KDE, lamarin ya ɗan bambanta, don sau da yawa laifin wani suke ɗauka. Ƙarin kayan da ake ɗora wa GNOME, irin masu nuna saurin intanet ko yanayin sama, ba su da nasu aikin daban, a cikin gnome-shell suke gudana. In ɗaya ya haukace, sunan gnome-shell ne zai ɓaci. Haka ƙananan kayan ado da hoton bango mai motsi suke yi wa plasmashell. Magani shi ne ka kashe su duka, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokacin kuma direban katin hoto ne bai zauna ba, sai tsarin ya koma ga llvmpipe, wato firosesa ce ke zana duk abin da ke allo. Umarnin journalctl -f ma yana tona asiri: in ka ga saƙon kuskure ɗaya na ta zubowa ba ƙaƙƙautawa, ka karanta shi, yawanci yana ambatar inda matsalar take.

To me zai hana a kashe shi kawai? Ana iya yi. Umarnin kill tare da lambar PID yana aika sigina ta 15, wato roƙon ya tattara ya fita, kill -9 kuma yanke shi yake yi ba sallama. Sai dai mafi yawan waɗannan ma'aikatan systemd ko D-Bus, wato sassan tsarin da ke kula da ma'aikatan bayan fage, ne ke tayar da su, don haka za su dawo su tarar da fayil ɗin da ya shaƙe su yana nan. Yanke mai fihirisa yana tsaka da rubutu ma na iya ɓata ma'ajiyarsa, ka ƙara wa kanka aiki. Gnome-shell kuwa, a kan Wayland, sabon tsarin nuna tagogi a allo, kashe shi na nufin rufewar duk tagogin da ka buɗe, har da rubutun da ba ka adana ba. Tsohuwar dabarar nan ta sake tayar da shi, wato danna Alt da F2 a rubuta r, a kan X11 kaɗai take aiki, tsarin da ya riga Wayland.

Abin da ya fi shi ne a cire ƙayar. Ka shiga saitunan bincike ka fitar da babban fayil (folder) ɗin da ke jawo rigimar daga jerin wuraren da ake bi. A GNOME, ajiye fayil marar komai mai suna .nomedia a cikinsa ya isa a tsallake shi. In ma'ajiyar fihirisar ce ta lalace, balooctl purge ko tracker3 reset --filesystem zai goge ta a sake ginawa, fayilolinka kuma ba abin da zai taɓa su, amma ka sa ran fanka za ta sake huci na ɗan lokaci. In duk ka yi an ƙi ci an ƙi cinyewa, buɗe sabon asusun mai amfani ka shiga da shi. Idan can shiru ne, matsalar tana cikin saitunanka, idan can ma ana huci, sai ka juya ga direba ko sabuntawar da ka yi ta ƙarshe.