Mene ne haɓo mai dawowa, kuma me ke ɓoye a bayansa?

Haɓo shi ne zubar jini ta hanci. Ana ce masa mai dawowa idan ya riƙa zuwa a kai a kai, makonni ko watanni, ba tare da an bugi hancin ba. Kusan kashi 90 cikin 100 daga gaba yake fitowa, a jikin guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci, inda ƙananan jijiyoyin jini suka taru. Iskar hunturu ta busar da wurin, yaro ya sa farce, sai jini. Maganin wannan a zauna, a sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan ɓangaren hancin minti 10 zuwa 15 ba saki. Ɗaga kai sama da aka saba yi, cikin ciki kawai yake tura jinin, ya jawo amai.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kowane haɓo sai a ce zafin rana ne. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro kuwa tambayarsa ta farko: ƙofa ɗaya ko biyu?

Idan kullum ƙofa ɗaya ce, mai yiwuwa akwai abin da ke zaune a ciki. Ƙaramin yaro mai majina mai wari gauraye da jini, galibi ƙwayar wake ko soso ya cusa. In ƙaramin batirin agogo ne, a garzaya asibiti, domin cikin 'yan sa'o'i yake ƙona nama. Mai shan ruwan kududdufi, matsattsaku na iya maƙale masa can ciki, yawunsa na hana jini daskarewa. Sai an sa masa ruwan gishiri ko maganin kashe zafi a wurin ya saki kafin a ciro shi. Saurayi ɗan shekara 12 zuwa 20 mai toshewar gefe ɗaya da haɓo mai yawa, ana zargin wani ƙari mai suna anjiyofaiburoma. Ba ciwon kansa (daji) ba ne, amma cike yake da jijiyoyi, shi ya sa ba a gutsurarsa don gwaji. Hoton CT ko MRI ake yi, a toshe jijiyar da ke ciyar da shi, bayan kwana ɗaya ko biyu a yi tiyata. Babba mai toshewar kunne ɗaya da kumburi a wuya, kansar bayan hanci ake nema.

Idan ƙofofin biyu ne, ko dasashi ma na jini, a duba lafiyar jinin. Cutar von Willebrand ta fi kowace cutar daskarewar jini da ake gada yawa, kuma a mata takan zo da jinin al'ada mai yawa. Akwai kuma HHT, wata cutar jijiyoyin jini wadda kowane ɗa ke da rabin yiwuwar gadonta daga uba ko uwa mai ita. Alamarta jajayen ɗigo a leɓe, harshe da yatsu, kuma takan taɓa jijiyoyin huhu da hanta. Ciwon hanta, ciwon ƙoda da kansar jini ma suna jawo haɓo. Kada a manta da asfirin, ibufurofen da dikulofenak da ake saye a kemis don ciwon jiki, domin su ma suna rage daskarewar jini.

Likita zai auna hawan jini, ya leƙa hanci da siririyar kyamara, ya sa a ƙirga ƙwayoyin jini da lokacin daskarewarsa. In ya ga jijiyar, zai ƙona ta da sinadarin silba naitiret, gefe ɗaya kawai a zama guda, don kada guringuntsin ya huje. In ta ƙi, a cusa auduga ta musamman na awa 24 zuwa 48, wani lokaci da maganin tiraneksamik asid, mai taimakawa wajen tsayar da jini. Mataki na ƙarshe shi ne ɗaure babbar jijiyar bayan hanci. Mai yawan haɓo kuma a duba masa ƙarancin jini, tunda da yawa sai an haɗa musu da ƙwayar ƙarin jini na watanni.