Waiwaye: David Shemin da asalin jan da ke cikin jini

Duk ɗalibin likitanci ya haddace cewa jajayen ƙwayoyin jini suna yin kwana 120 a jikin mutum kafin su mutu. Kaɗan ne suke tambayar yadda aka gano haka. Wani babban ɓangare na amsar yana wurin wani masanin sinadaran jiki ɗan Amurka, David Shemin, wanda ya fara gwajin a kan jikinsa.

Abin da yake ba jini launin ja wani sinadari ne da ake kira hem. Zobe ne na wani sinadari mai suna fofirin, da ƙwayar ƙarfe guda a tsakiyarsa, kuma a jikin ƙarfen nan iskar numfashi take maƙalewa. Bajamushe Hans Fischer ya haɗa irinsa a ɗakin gwaji a 1929, aka ba shi kyautar Nobel a 1930. An san siffar zoben ke nan. Amma da me jiki yake ƙera shi, wannan ya ci gaba da zama a duhu.

An haifi Shemin a New York a 1911, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kolombiya a 1938. Ya faɗo a kan gaɓa, domin a nan ne Rudolf Schoenheimer da David Rittenberg suka ɓullo da dabarar yi wa abinci alama da naitirojin mai nauyi, su bi sawunsa cikin jiki kamar yadda makiyayi yake gane dabbarsa da shaidar da ya yi mata a kunne.

A 1945 Shemin ya sha giram 66 na gilisin mai ɗauke da alamar, cikin kusan kwana uku. Gilisin shi ne mafi ƙanƙanta cikin tubalan da ake gina furotin da su. Daga nan aka riƙa ɗibar jininsa wata da watanni, Rittenberg yana aunawa. Alamar ta shiga hem, ta hau, ta tsaya kusan wuri guda na tsawon lokaci, sannan ta gangaro. Gwaji ɗaya ya amsa tambaya biyu: da gilisin ake gina zoben, kuma ƙwayar jini tana da adadin kwanakinta, wanda lissafinsu ya kai kusan 127. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin, domin babu yadda za a yi a gaggauta jini ya tsufa.

Ba kullum mutum zai mai da jikinsa ɗakin gwaji ba, sai suka koma kan jinin agwagwa. Jajayen ƙwayoyin tsuntsaye suna ci gaba da ƙera hem ko a cikin kwalba. Tare da likita Irving London sun nuna cewa jinin masu cutar sikila ma yana yin haka, saboda ya cika da sababbin ƙwayoyi da ɓargo yake turowa don cike gurbin masu saurin mutuwa. Iyayen da suke jinyar yaro mai sikila a Kano ko Zariya sun san wannan saurin mutuwar a aikace, ko da ba su taɓa jin sunan Shemin ba.

A 1953 shi da Charlotte Russell suka gano sinadarin farko a jerin matakan ƙera hem, wanda ake taƙaita sunansa da ALA. Gilisin ne yake haɗuwa da wani sinadari daga hanyar da jiki yake ƙona abinci, su ba da ALA, kuma ALA takwas ne suke yin zobe ɗaya. A Landan, Albert Neuberger ya kai ga irin wannan sakamako a shekarar. Yau an san matakan takwas ne, kuma masana suna kiran wannan hanya da sunan Shemin.

Amfanin sanin matakan ya fi fitowa idan ɗaya ya toshe. Cututtukan fofiriya, waɗanda wasunsu suke zuwa da matsanancin ciwon ciki wasu kuma da ƙunar fata a rana, kowanne nakasar wani mataki ne. Haka ma gubar dalma: tana kashe inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) ɗin da yake haɗa ALA biyu, tana kuma hana saka ƙarfe a zoben, sai ALA ya taru, jini ya yi ƙaranci. Wannan yana cikin ɓarnar da dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega a 2010, lokacin da niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 400.

Shemin ya koma Jami'ar Northwestern a 1968, kuma inzayim ɗin nan da dalma take kashewa yana cikin abin da ya daɗe yana bincike a kai, tare da yadda ƙwayoyin bakteriya suke ƙera bitamin B12 daga ALA. Bai sami kyautar Nobel ba, abin da nake ganin bai yi daidai da girman aikinsa ba. Ya rasu a 1991.