Yaran da suka ciyar da iyayensu ta ƙarƙashin katangar Warso

Wace katanga ce wannan?

A watan Nuwamba 1940 'yan Nazi na Jamus suka killace Yahudawan birnin Warso na ƙasar Polan a unguwa guda, suka zagaye ta da katanga mai tsayin kusan mita 3. Mutum sama da 400,000 aka cunkusa a ciki. Abincin da aka ware wa Bayahude a 1941 bai kai kalori 200 a rana ba, abin da ko jinjiri ba zai riƙe ba.

To me ya shigo da yara cikin neman abinci?

Ƙanƙantar jiki. Kafar da babba ba zai iya ratsawa ba a gindin katanga, ɗan shekara 7 sai ya sulale ta ciki. Ga shi kuma ba a tilasta wa ƙananan yara ɗaura ƙyallen tauraro, alamar da ake gane Bayahude da ita, a damtse ba, don haka suna iya sajewa da jama'a a waje. Can za su yi bara ko su saya, su cusa dankali, albasa da burodi cikin aljifan da aka ɗinka musu a cikin riga. Yaro ya fita siriri, ya dawo riga a kumbure, yana tafiya da ƙyar, gida guda na zuba ido. Shugaban majalisar Yahudawan unguwar, Adam Czerniakow, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na abincin da ke shigowa na fasa-ƙwauri ne.

Sun san hatsarin?

Sarai. Daga Oktoba 1941 hukuncin fita ba izini kisa ne. An lakaɗa wa wasu duka, an harbe wasu a bakin kafar. Washegari waɗansu su sake fita.

Ƙauna ce ke nan ko tilas?

Duka biyun, kuma zuciyata ba ta yarda a raba su ba. Yaron da cikinsa ke kukan yunwa, burodi na manne a ƙirjinsa, ya daure bai gutsura ba sai ya kai wa uwarsa, ƙauna ce tsantsa. Sai dai ba don wannan aka haife shi ba. Makaranta da wasa ne rabonsa, azzalumai suka ɗora masa kayan uba.

Sun tsira?

Ƙalilan. Daga 22 ga Yuli 1942 aka fara lodin mutanen unguwar a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa na Treblinka, inda aka hallaka kimanin 265,000 cikin wata biyu. Labarin yaran ya iso mu ta bakin waɗanda suka tsira, da takardun da masanin tarihi Emanuel Ringelblum da abokansa suka binne cikin akwatunan ƙarfe da garewanin madara. An tono su a 1946 da 1950.