Zaɓen Masaukin Shafin Intanet Mai Sauƙin Kuɗi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya yi niyyar buɗe shafin intanet, na shagonsa ne ko na makaranta ko na ƙaramar jarida, zai tarar da kamfanoni barkatai suna tallar masauki a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ga tambayoyin da ya kamata ya samu amsarsu kafin ya zaro katin banki.

Tambaya: Mene ne ainihin abin da ake saya idan an biya kuɗin masauki?

Amsa: Shafin intanet tarin fayiloli ne, wato rubutu da hotuna da rumbun bayanai, kuma dole ne su zauna a kan wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira sabar. Kamfanin masauki shi ne ke ba da hayar wuri a kan irin wannan kwamfuta. Mafi arha shi ne masaukin tarayya, inda shafuka masu yawa ke zaune a kan sabar ɗaya suna raba ƙarfinta, tamkar gidan haya mai mita ɗaya: kuɗin wuta yana da sauƙi domin an raba shi, amma idan maƙwabci ya jona hita kowa zai ga wutarsa ta yi ƙasa. Sama da wannan akwai VPS, inda ake ware wa mutum kason da babu mai taɓa masa, sai kuma hayar sabar sukutum. Domen, wato adireshin da ake rubutawa domin a iso shafin, abu ne daban da ake yi wa rajista shekara-shekara, ko da kuwa an haɗa kuɗinsa da na masauki a rasiti ɗaya.

Tambaya: Ana cewa araha ba ta ado. Shin masaukin tarayya zai wadatar?

Amsa: Zai wadatar da mafi yawan masu farawa. Shafin da aka gina da WordPress, manhajar gina shafuka da ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, yana tafiya lafiya a kan masaukin tarayya matuƙar masu ziyara ba su yi yawa a lokaci guda ba. Ban ga dalilin da zai sa mai sayar da atamfa ya kama hayar VPS ba, alhali ba shi da wanda zai kula masa da tsaronta da sabunta manhajojinta.

Tambaya: Ta yaya ake gane farashin gaskiya?

Amsa: A nan ne aka fi yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi. Adadin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a shafin farko yawanci farashin maraba ne, ba ya wuce zangon farko, kuma sau da yawa ba a samunsa sai an biya kuɗin shekara uku ko huɗu a dunƙule. Farashin sabuntawa yana can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, ko kuma sai an kai shafin biyan kuɗi sannan ya bayyana. A ce, domin misali, an rubuta dala 3 a wata idan an biya na wata 36. Abin da zai fita daga aljihu a ranar dala 108 ne, kuma idan farashin sabuntawa dala 10 ne a wata, zango na biyu zai ci dala 360. Saboda haka lissafin da ya dace shi ne a haɗa kuɗin zangon farko da na biyu, a kwatanta jimillar da ta wani kamfanin da farashinsa bai canzawa.

A shafin biyan kuɗi kuma a natsu a duba ƙananan akwatunan da ke gefe, domin wasu kamfanoni suna sa musu alama tun kafin mai saye ya taɓa su: kuɗin binciken ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuɗin kwafin ajiya, kuɗin tallata shafi. Haka nan domen da aka ce kyauta ne, kyautar ta shekarar farko ce kawai. Shawarata ga wanda bai taɓa hulɗa da kamfani ba ita ce ya fara da shekara ɗaya, ko da kuɗin wata ya ɗan ɗara, domin wanda ya biya na shekara huɗu ya ɗaure kansa ga mutanen da bai san halinsu ba.

Tambaya: Kamfanin gida ya fi, ko na ƙetare?

Amsa: Babban bambancin yana ga kuɗin da ake biya da shi. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin a watan Yuni na shekarar, ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Masaukin dala 120 a shekara ya tashi ke nan daga kimanin naira 55,200 zuwa 180,000 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ga kuma lokacin da bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin ƙetare da katin naira, wanda ya bar masu shafuka suna neman wanda zai biya musu. Kamfanin gida yana karɓar naira ta tura kuɗi daga asusun banki, kuma ana samunsa a waya a lokacin aikinmu. Sai dai a sani cewa da yawa daga cikin ƙananan kamfanonin gida dillalai ne, suna sarar wuri daga kamfanonin Amurka ko Turai su sayar, kuma lasisin manhajojin sarrafa masauki irin su cPanel da dala ake biyansa, don haka su ma tashin dala yana riskar farashinsu, ko da a makare ne. Dillanci ba aibi ba ne, amma ya halatta a tambayi kamfani kai tsaye: sabar taku ce, kuma a wace ƙasa take?

Tambaya: To, wurin da sabar take yana da tasiri?

Amsa: Yana da shi, gwargwadon inda masu karatu suke. Duk nisan da saƙo zai yi kafin ya dawo yana ƙara jinkiri, shi ya sa sabar da ke Landan ko Amsadam ta fi wadda ke yammacin Amurka saurin amsawa ga mai karatu a Kano ko Maraɗi. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya tsinke ko ya yi rauni a ƙasashe da dama, kuma hakan ya nuna amfanin samun sabar a cikin gida, a cibiyoyin bayanai irin waɗanda ke Legas. Wanda sabar tasa ke nesa yana iya rage jinkiri ta hanyar haɗa shafinsa da kamfanin Cloudflare, wanda ke da tsarin kyauta kuma yana ajiye kwafin hotuna kusa da masu karatu.

Tambaya: Idan an ce wurin ajiya ba shi da iyaka, gaskiya ne?

Amsa: Babu faifan ajiyar da ba ya cika. Iyakar tana cikin sharuɗɗan amfani: adadin fayilolin da aka yarda a ajiye, kason ƙarfin kwamfuta, da yawan ayyukan da shafi zai iya gudanarwa a lokaci guda. Shafin labarai da ya saki rahoto mai zafi yakan ci karo da wannan iyaka daidai lokacin da jama'a suka yi masa ca, sai masu ziyara su riƙa ganin saƙon kuskure mai lamba 503 ko 508 a maimakon labarin. Na fi amincewa da kamfanin da ya rubuta iyakokinsa ƙarara a teburin farashi.

Tambaya: Me ake nufi da alkawarin da kamfanoni ke yi cewa shafi zai kasance yana aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci?

Amsa: Ana nufin shafin zai iya ɗaukewa na kimanin minti 43 a wata, wato kusan awa 9 a shekara, ba tare da an saɓa alkawari ba. Kashi 99 kuwa ya haura kwana uku da rabi a shekara. Diyyar da ake bayarwa idan an gaza yawanci ragi ne a kuɗin wata mai zuwa, ba ta maye cinikin da aka rasa.

Tambaya: Kamfani ya ce yana ajiye kwafin shafina kullum. Hakan bai isa ba?

Amsa: Bai isa ba. A ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen cibiyar bayanai ta OVH da ke Strasbourg a Faransa, kamfanin da ke cikin manyan masu ba da masauki a Turai, kuma wasu abokan cinikinsa sun rasa bayanansu ɗungurungum domin kwafin ajiyarsu ma yana harabar da ta ƙone. Kafin a biya kuɗi a tambaya sau nawa ake ɗaukar kwafin, kwana nawa ake riƙe shi, a ina ake ajiye shi, kuma ko ana cajin kuɗi kafin a dawo da shi. Bayan haka mai shafi ya riƙa sauke nasa kwafin, fayiloli da rumbun bayanai duka, ya ajiye a kwamfutarsa ko a wani wuri da ba shi da alaƙa da kamfanin. Yawancin sharuɗɗan masauki mai arha sun bayyana cewa alhakin bayanai yana wuyan mai su.

Tambaya: Wa ya kamata ya mallaki domen?

Amsa: Mai shafin, da sunansa da imel ɗinsa, ba wanda ya gina masa shafin ba. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne makaranta ko shago su ba wani matashi kwangilar gina shafi, ya yi rajistar domen a asusunsa, daga baya ya canza lambar waya ko a samu saɓani, sai a wayi gari adireshin da aka buga a allon ƙofa da takardun rasiti ya fita daga hannun masu shi. Masauki ana sauya shi cikin kwana ɗaya ko biyu idan akwai kwafi a hannu, amma domen da ya kuɓuce dawo da shi yana da wuya. Idan wa'adin domen na .com ya ƙare akwai ɗan lokacin sassauci, sannan kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, bayan haka ba da jimawa ba kowa na iya saye. Adireshin .ng da .com.ng suna ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da rajistar domen na Nijeriya, kuma ana sayensu da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Ina ganin ya fi aminci a yi rajistar domen a kamfani ɗaya, masauki kuma a wani, domin kada rigima da ɗayansu ta haɗa da duka biyun.

Tambaya: Sai an biya kuɗin takardar tsaro ta SSL, wadda ke kare bayanan da ke tafiya tsakanin shafi da mai ziyara?

Amsa: A'a. Hukumar bayar da takardun tsaro ta Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta tun ƙarshen 2015, kuma masauki nagari yana sabunta ta da kansa. Tun watan Yulin 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro, saboda haka kamfanin da ya hana ta kyauta domin ya sayar da tasa bai cancanci kuɗin kowa ba.

Tambaya: Za a iya dogara da jerin gwarazan kamfanoni da ake gani a intanet?

Amsa: Da taka-tsantsan, domin da yawa daga cikin masu rubuta su suna karɓar la'ada a kan duk wanda ya saya ta hanyarsu, kuma wasu sunayen da ake jerawa kamar kishiyoyi gida ɗaya suke: Bluehost da HostGator duk mallakar Newfold Digital ne. Gwajin da ya fi wannan amfani shi ne a aika wa sashen taimako tambaya ta fasaha kafin a saya, misali wane zubin PHP, harshen kwamfutar da WordPress ke aiki da shi, suke amfani da shi, a ga tsawon lokacin da za su ɗauka da kuma ko amsar ta taɓa tambayar. A kuma karanta sharaɗin mayar da kuɗi, wanda yawanci kwana 30 ne kuma ba ya haɗawa da kuɗin domen.

Tambaya: Idan kamfanin bai gamsar ba, yaya ake ƙaura?

Amsa: Ana fara kama sabon masauki tun tsohon bai ƙare ba, a kwashe fayiloli da rumbun bayanai da akwatunan imel, a gwada shafin a sabon wurin, sannan a juya domen ya fuskanci sabuwar sabar. A bar tsohon masaukin yana aiki na 'yan kwanaki, domin canjin ba ya isa ko'ina a lokaci guda. Sabon domen na .com ba ya ɗaukuwa zuwa wani kamfanin rajista sai ya cika kwana 60, amma wannan bai hana sauya masauki ba. Mai shafin Hausa kuma ya buɗe tsofaffin rubuce-rubucensa ya duba ƙ da ɗ da ɓ, domin idan tsarin baƙaƙen rumbun bayanai bai kasance UTF-8 a ɓangarorin biyu ba, za su iya rikiɗewa zuwa alamun tambaya, kuma gyaran ya fi sauƙi tun ba a rufe tsohon asusun ba.