Zaman 'Yan Unguwa da 'Yan Sanda: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin zama ne wannan?

Haɗuwa ce tsakanin mazauna unguwa da 'yan sandan da ke kula da yankinsu, ba don an yi wani laifi ba. Yawancin mutane ba sa haɗuwa da ɗan sanda sai ranar tashin hankali: an yi sata, an yi haɗari, ko an tare su a hanya. Manufar ita ce a san juna tun kafin irin wannan rana ta zo.

Yaya ake shirya shi?

A Amurka akwai National Night Out, wato daren da maƙwabta ke fitowa waje su haɗu da 'yan sanda, wanda aka fara a 1984, ana yinsa ranar Talatar farko ta watan Agusta. Da farko fitilar ƙofar gida kawai ake kunnawa, a fito waje a zauna. Yanzu ya koma biki: a rufe titi, maƙwabta su baje kujeru, yara su yi layi don leƙa cikin motar sintiri. A 2011 kuma 'yan sandan garin Hawthorne na jihar Kalifoniya suka ɓullo da Coffee with a Cop, wato shan kofi da ɗan sanda, inda babu jawabi, babu ajanda. Kowa ya ja kujera ya tambayi abin da ke cin ransa.

Shin yana rage aikata laifi?

A nan sai an yi hattara. Wani gwaji a birnin New Haven na Amurka, da aka wallafa a 2019, ya nuna cewa gajeriyar ziyarar gaisuwa da ɗan sanda ya kai ƙofar gida ta sa mutane sun ƙara yarda da 'yan sanda. Amma babban binciken da mujallar Science ta fitar a 2021 kan shirye-shiryen haɗa kan 'yan sanda da jama'a, wanda aka yi a Barazil, Kolombiya, Laberiya, Pakistan, Filifin da Yuganda, bai ga raguwar laifi ba, bai kuma ga ƙaruwar amana ba.

To me ya hana?

Cikin dalilan da masu binciken suka kawo akwai yawan canja wa jami'ai wurin aiki da rashin goyon bayan manyansu. A ganina a nan gizo ke saƙa. Mace ta tashi a taro ta ce fitilar lungunsu ta mutu, samari na taruwa a wurin da dare. Jami'i ya rubuta a littafinsa. Wata na gaba sai a turo wani sabo, wanda bai san an yi maganar ba. Da wuya ta sake zuwa.

Idan zan halarta, me ya kamata in yi?

Ka je da takamaiman ƙorafi: wane lungu, ƙarfe nawa. Ka karɓi sunan jami'in da lambar ofishinsu, ka tambayi ranar da za a dawo da bayani. Kada ka kama sunan wanda kake zargi a bainar jama'a, domin mai yiwuwa ɗan'uwansa na zaune kusa da kai. Wannan magana ce ta keɓe, bayan an tashi.