Atom ba shi ne ƙarshen ƙanƙanta ba

Har gobe a azuzuwan sakandare na Kano za ka ji ɗalibi ya miƙe yana rera cewa atom ba ya rabuwa. Wannan magana ta daɗe da tsufa. Tun 1897 masanin fiziks J.J. Thomson ya gano elektron, ƙwayar da ke cikin atom, a 1911 Rutherford ya nuna atom na da cibiya. Furoton da nutron da ke cikinta ma da wasu ƙananan ƙwayoyi uku-uku da ake kira kwak aka gina su.

Abin da ke ci mini rai, yaranmu ba sa ganin hujjar da idonsu. A ƙasashe da dama jami'o'i kan gayyato ɗalibai da malamansu, su wuni gaban kwamfuta suna bin sawun ƙwayoyin da suka yi karo a wata na'ura mai kewayen kilomita 27 ta CERN, hukumar binciken fiziks ta Turai. Kwamfuta, intanet da malaman fiziks ake buƙata, Jami'ar Bayero kuwa tana da su.